Kuɗin da ba ya tsallake gari: tafiyata ƙasar kwal ta West Virginia

Daga Columbus ta jihar Ohio zuwa Charleston, babban birnin West Virginia, tafiyar kusan awa uku ce a mota. Kana tsallake kogin Ohio sai ƙasa ta sauya fuska. Gonakin masara su ƙare, duwatsu su taso su tsare ka hagu da dama, kowanne lulluɓe da itatuwa har ƙoƙuwarsa. Ɗan ƙanwata ne ke tuƙi, wanda ke aikin jinya a Columbus, kuma tun da muka fito yake yi mini tsiya. Wai kowa ya zo Amurka cewa yake a kai shi New York ya ga dogayen benaye, shi kuwa nasa kawun cewa ya yi a kai shi inda ake sayar da matattun kuɗi.

Da gaskiyarsa. Tun ina saurayi nake tara tsofaffin sulalla. Ina da anini da ɗari da kwabo mai huji na zamanin Turawa, masu tauraro a baya da rubutun Larabci a gaba, ina da taro da sisi da sule. A wajen farautar irin waɗannan a intanet ne na fara cin karo da wasu sulalla su ma masu huji, sai dai hujinsu ba zagaye ba ne. Wani harafi ne aka huda, wani tauraro, wani jinjirin wata. Ba hoton sarki, ba sunan ƙasa. Abin da ke jikinsu sunan kamfani ne da sunan wani ƙauye. Amurkawa na kiran su sikirif, kuɗin da kamfanonin haƙar kwal suka riƙa ba ma'aikatansu tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har cikin shekarun 1950, wanda ba ya sayen komai sai a kantin kamfanin da ya buga shi.

A South Charleston akwai masallaci, a nan muka yi azahar da la'asar muka cika kula da abinci, don yaron ya gargaɗe ni cewa inda za mu, samun halal sai an sha wuya. Abin da ake ji da shi a jihar wani ɗan burodi ne da ake cusa wa yankakken nama a ciki, wanda Italiyawa masu haƙar kwal suka fara tafiya da shi rami saboda ba ya lalacewa da wuri. Ko'ina ka tsaya shan mai za ka gan shi a jere. Naman alade ne a ciki, don haka ido kawai muka ba shi.

Babbar hanyar da ta tashi daga Charleston zuwa Beckley ta kuɗi ce, kuma tana ratsa wasu kwaruruka biyu, Cabin Creek da Paint Creek. Mai wucewa ba abin da zai gani sai rafi da itatuwa da 'yan gidaje jefi-jefi. Amma a nan aka yi yajin aikin 1912 zuwa 1913, wanda ya kai har gwamnan jihar ya kafa dokar soja. Cikin buƙatun leburori har da a daina tilasta musu sayayya a kantin kamfani, a bar su su naɗa nasu mutum ya tsaya a kan sikeli lokacin da ake auna kwal ɗin da suka haƙo, a kuma kori 'yan bangar da kamfani ya ɗauko haya. Ka duba fa, ƙarin albashi na ciki, amma yawancin kukan a kan awo ne da kanti da masu bindiga.

A Beckley akwai wani tsohon ramin kwal da hukumar gari ta mayar wurin yawon buɗe ido tun 1962. Ana zuba mutane a wasu 'yan taragu a shiga da su cikin dutse. A waje ana zafi, a ciki kuwa sanyi ne mai ratsa ƙashi, wajen digiri 14 rani da damina, ga ruwa na ɗiga daga rufi. Masu yi wa baƙi jagora tsofaffin mahaƙa ne. Namu wani dattijo ne mai faɗin kafaɗa, yana magana numfashinsa na fita da ƙyar. Da muka yi nisa ya kashe fitilu gaba ɗaya. Na ɗaga hannuna na kai daf da hancina, ban gan shi ba. Sannan ya kunna 'yar fitilar kabaid irin wadda ake maƙalawa a hula, ya ce da wannan ɗan haske kakansa ya yi aiki, a durƙushe, a inda tsayin rufin bai kai ƙirjin mutum ba.

Shi ya nuna mana yadda ake lissafin ladan. A da ba da awa ake biya ba, da tan ne. Kowane lebura yana da wasu 'yan faranta na tagulla masu ɗauke da lambarsa. In ya cika tarago sai ya rataya ɗaya a jiki, alfadari ya ja zuwa waje, a auna, a rubuta masa. To, mai awon ma'aikacin kamfani ne. Shi zai ce akwai dutse a cikin kwal ya zabtare wani abu. A wurare da dama kuma tan ɗin da ake karɓa daga lebura ya fi wanda aka sani nauyi, ko a ƙara wa tarago katako a baki ya ci kaya fiye da ƙa'ida, kuɗin kuwa yana nan yadda yake. Tun a bakin rami ke nan an fara cin mutum, bai ma kai ga kanti ba.

Sai da na fito daga ramin, na shiga gidajen ma'aikata da aka kwaso daga tsofaffin sansanoni aka sake kafawa a harabar wurin, sannan na gane inda sulallan nan suka shigo cikin zancen. Ga ɗakin gwauro, ɗan akurki mai gado ɗaya da murhu. Ga gidan mai iyali. Ga coci, ga makaranta, can gefe kuma ga katafaren gidan manaja mai hawa. Duk na kamfani ne. Lokacin da layin dogo na Chesapeake and Ohio ya ratsa yankin a 1873, babu garuruwa a waɗannan kwaruruka, daji ne kawai. Wanda zai haƙi kwal sai ya gina gari tukuna, ya kawo mutane: baƙaƙen fata daga jihohin kudu, Italiyawa, mutanen Hangari da Polan, da 'yan ƙasa mazauna duwatsu. A farkon shekarun 1920, kusan kashi 80 cikin 100 na mahaƙan West Virginia a gidan kamfani suke zaune.

Albashi sau ɗaya ko sau biyu ake biya a wata, ciki kuwa ba ya jiran ranar biya. Idan gari ya ƙare a gida, matar lebura za ta je tagar akawu ta ce a ba ta dala biyu. Akawu ya duba littafi ya ga ko mijin ya riga ya haƙo abin da ya kai hakan. In ya kai, a ƙirgo mata sulallan kamfani, ta juya ta shiga kanti, wanda galibi a gini ɗaya yake da ofishin. Ranar biya sai a cire. A cire haya, a cire kuɗin likita, kuɗin albarushin fasa dutse, kuɗin maƙerin da ke wasa diga, kuɗin kwal ɗin da aka dafa abinci da shi, har da na asusun jana'iza. Abin da ya rage shi ne za a ba shi da dalar gwamnati, wani lokaci kuwa ba abin da ke ragewa sai layin da akawu ya ja a ƙasan takarda. Duk wanda ya san manomin da ya ci bashin hatsi da damina a kan zai biya da kaka, ya san irin wannan zaman: amfanin gona na tsaye, amma an riga an cinye shi.

Sayayyar kirki a wani shagon tsofaffin kaya na yi ta, a wani ƙaramin gari da ke arewa da Beckley. Mai shagon dogo ne siriri mai farin gemu, kuma da farko kallon ɓataccen matafiyi ya yi mana. Da na ce sikirif nake nema, sai ya cire tabarau ya sake dubana, ya shiga ciki ya fito da wasu dogayen akwatunan kwali. Kowane sulai na cikin ɗan kwali mai taga, an rubuta sunan gari, sunan kamfani, da wata lamba.

A nan na fara karatun gaske. Ba a jera su da shekara ko da daraja kamar yadda muke jera kuɗin gwamnati. Da gari ake jera su. Akwai kundin da masu wannan sha'awa ke dogara da shi, na wani Donald Edkins, wanda ya bi gari-gari da kamfani-kamfani, kuma saboda yawan na West Virginia sai da aka ware mata juzu'i guda ita kaɗai. Kowane sulai an ba shi matsayi daga 1 zuwa 10, na 1 shi ne wanda ya yi yawa, na 10 kuwa wanda da ƙyar aka san da 'yan ƙwarori a duniya. Suna da ƙungiya ta ƙasa tun 1972, suna haɗuwa su baje koli su yi musaya. Cikakken jeri yakan kasance senti 1, 5, 10, 25, 50 da dala ɗaya, burin mai tarawa kuma shi ne ya haɗa jerin gari guda ba giɓi.

Ya juya mini bayan wani ya nuna tambarin maƙeran. Yawancinsu ashe daga Ohio aka bugo su, jihar da muka baro: kamfanin Osborne Register na Cincinnati, da Ingle-Schierloh na Dayton. Ba sulallan kaɗai suke sayarwa ba, har da na'urar da ke fitar da su tana ajiye lissafi. Hujin da ya fara jan hankalina kuwa ba ado ba ne. A kwari ɗaya za a iya samun kamfanoni da yawa kusa da juna, sulallansu girma ɗaya, don haka kowa ya zaɓi nasa huji domin mai kanti ya gane nasu da kallo ɗaya, ya ture na maƙwabci. Ya taimaki wanda bai iya karatu ba, da baƙon da bai ji Turanci ba. Akwai na tagulla, akwai na farin ƙarfe, akwai na tutiya da na matsattsen kwali da aka yi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da ƙarfe ya yi tsada. A jikin da yawa an rubuta cewa da kaya kawai ake biyan sa, kuma ba a miƙa shi ga wani.

Wannan rubutu na ƙarshe ba wanda ya bi shi. Mutum na buƙatar tsabar kuɗi, ko na jirgi, ko na aikawa gida, ko na giya da caca, sai ya ciro sikirif ya kai wa mai aski ko wani ɗan kasuwa a bakin gari ya canza masa. Dala ta koma senti 75 ko 80. Mai canjin kuma ya je kantin kamfani ya kwashi kaya da cikakkiyar darajarta. Kowa na da rabo a gumin mutum ɗaya.

Akwai kuma na takarda, 'yan littattafai masu shafukan da ake yagewa, kowane yanki da darajarsa. Su suka fi wuyar samu da kyansu, don takarda ba ta jure aljihun mai gumi. Ya nuna mini ɗaya da aka yage rabinsa aka bar rabi. Na daɗe ina juya shi. Wani ya karɓi wannan a kan aikin da ya riga ya yi, bai ƙarasa kashewa ba.

Farashin ya ba ni mamaki ta fuska biyu. Na manyan kamfanoni irin su Island Creek da New River Company da Koppers, da 'yan daloli kaɗan za ka samu, saboda an buga su da yawa kuma sun tsira da yawa. Masu tsada su ne na ƙananan kamfanonin da suka yi shekara biyu ko uku suka karye. Irin waɗannan sukan kai ɗaruruwan daloli. Wato iya saurin mutuwar gari, iya tsadar kuɗinsa a yau. Mai shagon ya ce kamfani in zai rufe yakan narkar da sulallansa ko ya zuba su a tsohon rami don kada a dawo masa da su, shi ya sa wasu suka yi ƙaranci. Wani lokaci kuma a rushe tsohon kanti a tarar da buhu guda a ɓoye, sai sulan da ake rububi jiya ya wayi gari ba mai tayawa. Ya kuma ja kunnena a kan na jabu, ya ce in riƙa duban bakin huji da nauyi, kuma in yi hattara da wanda ya cika sheƙi.

Na zaro anini daga jakata na ajiye masa a kan gilashi. Ya ɗauka ya kai kusa da fitila, ya tambayi na wane kamfani ne. Na ce na Sarkin Ingila ne, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, da shi kakanninmu suka yi cefane. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce ai wannan ma babban kamfani ne. Muka yi musaya, anini da kwabo mai huji a kan senti 25 guda biyu. Na ɗan taɓa ciniki a kan sauran, yaron na ta zungurina.

"Kawu, nan fa ba Kurmi ba ce."

"Bari ka gani, ɗana. Duk inda ake sayar da tsohon kaya, Kurmi ce."

An kuwa rage mini.

Washegari muka gangara kwarin New River, wanda ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa a ƙarshen 2020. Kowa gadar yake zuwa gani, wadda aka gama a 1977, mai tsayin mita 267 daga ruwa. Mu kuwa muka bi wata siririyar hanya zuwa Thurmond, garin da a da jiragen kwal ke cika tasharsa dare da rana, da bankuna biyu da otal-otal. Ƙidayar 2020 mutum biyar ta samu a garin. Gine-ginen na nan a jere suna fuskantar layin dogo, don garin ba shi da babban titi sai dogon kansa. A Nuttallburg kuma akwai doguwar na'urar gangaro da kwal daga kan dutse, tun zamanin da Henry Ford ya karɓi ma'adinin a shekarun 1920 don ciyar da masana'antar motocinsa. Gidajen duk sun tafi, sai harsashin gini a cikin ciyawa. A ramukan wannan yanki Carter G. Woodson ya yi aikin kwal yana saurayi, kafin ya zama masanin da ya kafa makon tarihin baƙaƙen fata a Amurka.

Daga nan sai kudu maso yamma, ta Logan, zuwa Matewan da ke bakin kogin Tug Fork, iyaka da Kentucky. Hanyar ta murɗe mini ciki, kwana bayan kwana, ga manyan motocin kwal na taho-mu-gama. Garin ɗan mitsitsi ne, an kewaye shi da katangar kare ambaliya. A 1920 leburorin yankin suka fara shiga ƙungiyar ƙwadago, kamfani ya kori duk wanda ya shiga. Ranar 19 ga Mayu, jami'an Baldwin-Felts, kamfanin tsaro da masu ma'adinai ke haya, suka sauka daga jirgi suka fitar da iyalai daga gidajen Stone Mountain Coal, suka watsar da kayansu waje. Da yamma, kafin su hau jirgin komawa, shugaban 'yan sandan garin Sid Hatfield da magajin gari Cabell Testerman suka tare su. Aka yi musayar wuta, mutum goma suka mutu: bakwai daga jami'an, leburori biyu, da magajin garin. Har yau akwai gurbin harsashi a bangon wani gini, na sa yatsana a ciki.

A ƙaramin gidan tarihin yaƙe-yaƙen ma'adinai da aka buɗe a garin a 2015, na ga sikirif a cikin gilashi kusa da bindigogi da kwanson harsasai da aka tono daga dutsen Blair. A can ne a ƙarshen Agustan 1921 leburori kimanin 10,000, da jajayen ƙyallaye a wuya, suka gwabza da mutanen Don Chafin, shugaban 'yan sandan gundumar Logan, har aka jefa musu bama-bamai daga ƙananan jiragen sama, sai da sojan tarayya suka zo aka tsaya. Ƙungiya ba ta samu gindin zama a yankin ba sai 1933, zamanin shugaban ƙasa Roosevelt. Ina tsaye a wurin Inugu ta faɗo mini a rai, da ramin Iva Valley, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙan kwal 21 ranar 18 ga Nuwamba, 1949, su ma a kan haƙƙin aikinsu. Na ba yaron labarin, ya ce bai taɓa ji ba. A Kaduna fa ya yi sakandare.

A mota muka yi gardama. Shi ya karanta cewa wani masanin tattalin arziki, Price Fishback, ya bi tsofaffin alƙaluma ya nuna cewa tsadar kantin kamfani ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, musamman inda akwai wasu shaguna a kusa. Kamfanoni kuma ba kasafai suke ba mutum fiye da abin da ya riga ya haƙo ba, leburori ma suna yawan barin wannan sansani su koma wancan. Ban ƙi ba, kuma yana da kyau mai tara sulallan nan ya san haka, kada ya riƙa ganin kowane ɗaya a matsayin sarƙa. Sai dai ni a ganina farashin gari da wake ba shi ne tushen zancen ba. Tushen shi ne hannu ɗaya ke riƙe da aikinka, da gidanka, da kuɗin aljihunka, da likitanka, da mai bindigar da ke tsaye a tashar jirgi. Kotunan jihar sun ɗauki zaman gidan kamfani a matsayin zaman bara a gidan ubangidansa, ba zaman ɗan haya ba, don haka ranar da aiki ya ƙare, ranar gida ya ƙare. A 1917 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar kamfanin Hitchman na wannan jiha, ta amince da takardar da ake sa lebura ya sa wa hannu cewa ba zai shiga ƙungiya ba. Mutumin da ke cikin wannan hali, ko da kanti ya yi masa rahusa, bakinsa a ɗaure yake. In ya tashi tafiya kuma, abin da ke aljihunsa ba ya sayen ko tikitin jirgin da zai fitar da shi.

Doka ma ba ta yi barci ba, ƙarfi ne ba ta da shi. Tun 1891 majalisar West Virginia ta yi dokar hana biyan ma'aikaci da kuɗin da ba na gwamnati ba, kotun jihar ta tabbatar da ita a 1892. A 1901 Kotun Ƙoli ta goyi bayan dokar Tennessee da ta wajabta wa kamfani ya canza sikirif da tsabar kuɗi in an nema. A 1938 dokar ƙwadago ta tarayya ta zo. Duk da haka sulallan suka ci gaba da yawo, saboda kamfani cewa yake ba albashi ba ne, rance ne mutum ya nema da bakinsa. Abin da ya kashe su a ƙarshe mota ce da kwalta, da ƙarfin ƙungiya, da injunan da suka maye gurbin masu shebur. Da matar lebura ta samu hanyar zuwa babban gari ta yi cefane inda ta ga dama, tagar akawu ta rasa masu layi.

Welch, hedikwatar gundumar McDowell, ita ta fi taɓa ni. A kan matakalar kotun garin aka harbe Sid Hatfield da abokinsa Ed Chambers ranar 1 ga Agusta, 1921, a gaban matansu, kuma wannan kisa ne ya hura wutar da ta kai ga dutsen Blair. Kotun na nan, ginin dutse a kan tudu. A ƙasa kuwa titi ne mai dogayen benaye na bulo, yawancinsu a rufe. A 1950 mutanen gundumar sun kusa 100,000. A 2020 ba su kai 20,000 ba. A wannan gunduma ce kuma a watan Mayun 1961, bayan John Kennedy ya ga yunwar da ke yankin lokacin yaƙin neman zaɓensa, aka miƙa wa iyalin wani mahaƙi marar aiki takardun sayen abinci na farko a sabon shirin gwamnati, na dala 95. Kuɗin kamfani na fita, takardar gwamnati na shigowa, ita ma abinci kawai take saye.

A hanyar komawa Beckley muka tsaya a Itmann, garin da aka raɗa wa suna daga I. T. Mann, shugaban kamfanin Pocahontas Fuel. Kantin da aka gina a nan a shekarun 1920 da sassaƙaƙƙen dutse yake, da baka-baka da fili a tsakiya. Wanda bai sani ba zai ce fada ce. Gidajen katako na leburori da suka rage a kewaye kuwa, ko kafaɗarsa ba su kai ba.

Can gaba kaɗan muka tarar da wata tsohuwa ta baje tarkace a kan tebur a ƙofar gidanta, kofuna da tsofaffin kayan yara da fitilar kabaid guda. A cikin wani gwangwanin taba akwai sulalla a cakuɗe. Ta ce na mahaifinta ne. Na tambaye ta yadda zaman yake a da, ina jiran in ji kuka. Sai ta washe baki. Ta ce uwarta kan ba ta senti 10 na kamfani ta ruga kanti ta sayo alewa, kuma a kantin nan ba abin da babu, daga takalmi har akwatin gawa. Da Kirsimeti kamfani na raba wa yara lemo da gyaɗa. Kowane gida da mutane, kowane dare da kiɗa a baranda. Ta ce yanzu in tana son madara sai ta yi tafiyar rabin awa a mota. Da na tambayi mahaifin nata, ta ce ciwon baƙin huhu ne ya kashe shi, bai kai sittin ba, ta ci gaba da zancen lemo.

Ban yi mata musu ba. Ita ta zauna a garin, ni karanta shi na yi. Na zaɓi dala ɗaya ta tagulla wadda hannu ya cinye rubutunta har sunan garin sai an karkata ta ga rana ake gani. Mai shagon nan da ya gan ta cewa zai yi ba ta da daraja, don masu tarawa wadda ba ta sha hannu ba suke so. Ni kuwa irinta nake nema, wadda ta je kanti ta dawo ofis ta sake fita ba adadi. Na tambayi kuɗinta, ta ce dala biyar. Yaron ya kalle ni ta gefen ido yana jira in fara ciniki. Na zaro biyar na ba ta, ta ɗaga takardar ta duba a rana, ta ce in zo da wasu 'yan uwana masu sha'awar irin wannan, akwai wani gwangwanin a ɗaki.